Muryar da Ta Ƙi Tsayawa

Litinin, da hantsi

Na buɗe kwamfuta tun kafin koko ya huce, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Aikin dai shi ne wanda na bari makon jiya, maɓallin tsayarwa na Muryar Garke, manhajar da muka haɗa ni da Baban Hamida don masu awaki da tumaki waɗanda ba su karatu. Shi malamin dabbobi ne, shi ya karanta darussan da bakinshi, ni na rubuta kod ɗin. Mutum ya taɓa hoton akuya mai kumburin ciki, sai ya ji bayani. Ba ta cin data, daga waya zuwa waya ake tura ta.

Alheri ce ta kawo ƙorafin, ita ke raba manhajar ga matan Damari. Ta ce wani lokaci ka danna tsayarwa, hoton maɓallin ya canza, amma murya ta ci gaba da magana. Wani lokaci ma murya biyu, duk tashi, ɗaya na hawa kan ɗaya. A wayata bai taɓa yin haka ba.

Ranar Alhamis Ɗanlahadi, mijin Alheri, ya zo ya ɗauki Baban Hamida bisa mashin za su rigakafi Damari. Ya ce mani in ya isa zai duba wayoyin matan da idonshi ya faɗa mani abin da ya gani.

Jiya wani mutum ya kawo mana akwatin sanyin allurai daga wajen Faskari. Akwatin kaɗai.

Ba zan rubuta sauran ba.

Litinin, bayan La'asar

Gida cike da mata. Sannu, sannu, Allah ya bayyana. Na amsa har bakina ya gaji, na shige ɗaki na ja labule. Hamida ta biyo ni tana tambaya ko Baba zai taho mata da rake. Na ce ta je wurin Inna.

Talata, da safe

Na kunna, na tsayar, na kunna, na tsayar. Yana tsayawa lafiya lau.

"Assalamu alaikum makiyaya, yau za mu yi magana a kan kumburin ciki."

Daidai nan nake dannawa. Ban san sau nawa na ji sallamar nan yau ba. Kafin ya ce "kumburin" yakan ja numfashi kaɗan, ban taɓa lura ba sai yau. A bayanshi zakaran maƙwabta na cara, don a zaure muka ɗauka ranar da aka yi ruwa.

Idan matsala ba ta nuna kanta a gabanka ba, babu yadda za ka kama ta. Na karanta kod ɗin daga sama har ƙasa, ban ga komai ba. Na sake karantawa, sai na iske idona ne kawai ke tafiya, hankalina yana bakin ƙofa.

Laraba, azahar

Yaya Rabo ya iso daga Pauwa da jakar kayanshi, ke nan zama zai yi. Shi ne babba a ɗakinsu, shi zai yi magana idan an kira. Waɗanda suka ɗauke su sun riga sun kira sau ɗaya, ranar Lahadi, ba su daɗe ba. Lambar Inna suka kira, don ita kaɗai ɗanta ya haddace. Ko tawa bai riƙe a kai ba, na sha yi mashi tsiya a kan haka.

Yanzu wayar Inna ce sarauniyar gidan. Tana jone da sola ko ta cika, bisa tabarma kusa da ƙafarta, ba mai taɓawa.

Da na kai mata fura sai ta riƙe mani zane, ta ce abin nan namu da ake jin shi yana magana, in sa mata. Ita da take ce mamu mun maida waya makiyayi. Na sa mata, na nuna mata hotunan. Ta taɓa na kaska, ta kara wayar a kunne kamar kira ne. Na fita na bar ta.

Alhamis, da yamma

Shiru.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Sun kira.

Bari in rubuta yadda ya faru daki-daki, kamar yadda nake rubuta kowace matsala, ko zan gane.

Inna na sauraron darasin kaska tun safe. Wayar ta yi ƙara. Yaya Rabo ya taso daga zaure ba takalmi, ya ɗauka, ya sa a sifika kamar yadda muka shirya don kowa ya ji. Wata murya ta ce, "Kai ne Rabon?" Kafin ya amsa, sai ga muryar Baban Hamida daga cikin wayar, tana ci gaba da bayani a natse, wai a duba ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne.

Inna ta zabura, ta zaci shi ne aka ba wayar. Ni kaɗai na san mene ne. Na fizge wayar na shiga manhajar na danna tsayarwa. Hoton ya canza. Muryar ba ta tsaya ba.

Can ɓangaren aka ce, "Wa ke nan tare da ku? Wa kuka tara mamu?" Yaya Rabo na rantsuwa ba kowa, muryar na ta faɗin yadda ake haɗa ruwan wanka. Sai aka kashe.

Mun kira lambar, a kashe take.

Ba wanda ya ce mani komai. Da sun yi faɗa da ya fi mani sauƙi. Bayan kiran ya yanke darasin ya ci gaba har ƙarshe, har inda yake cewa Allah ya albarkaci garke, muna zaune muna jin shi.

To ga shi na gani da idona.

Asabar, da hantsi

Yaya Rabo ya ce a goge abin nan daga wayar yanzu. Gaskiyarshi. Inna ta tura wayar ƙarƙashin cinyarta ta ce ba mai goge mata ɗa. Ya ce, "Inna, ba shi ba ne, faifai ne." Ta ce ta sani, ba ta haukace ba tukuna.

Na roƙe su su ba ni wuni ɗaya. Idan kira ya shigo kafin nan, zan kashe manhajar daga tushe kafin a ɗauka. Yaya Rabo ya koma zaure.

Inna ba ta yarda wayar ta bar ɗakinta ba, sai na kawo kwamfuta na zauna gefen tabarmarta, na jona kebul, na ce ta yi yadda ta saba, kada ta kula ni. Ta taɓa hoto, ya fara magana. Ta kishingiɗa ta aje wayar a kwance bisa filo, fuskar ta juya gicciye. Can ta ɗauko, ta ga hotunan sun koma farko, ta sake taɓawa.

A allon kwamfuta na ga abin ya fito fili. Cikin kod akwai abin da ke kunna sautin, ni nakan ce mashi inji. Duk lokacin da fuskar waya ta juya, ko aka fita aka dawo, manhajar na ƙera sabon inji. Maɓallin yana riƙe da sabon. Tsohon yana can baya yana ta magana, ba linzami, ba mai iko da shi, ba ya jin maɓalli, ba ya jin kira. A wayata na kulle juyawar fuska tun da na saye ta, shi ya sa ban taɓa gani ba.

Na ce, "Inna, na kama shi." Ta ɗago da sauri ta dube ni, sai na gane yadda maganar ta faɗa mata a kunne. Na ce matsalar wayar nake nufi. Ta koma ta kwanta.

Lahadi, da yamma

Na gyara. Inji ɗaya yanzu, a wuri ɗaya, ko fuska ta juya ko ba ta juya ba. Na ƙara abin da ya kamata: waya baki ɗaya gare ta, duk manhajar da za ta yi magana sai ta nemi izini, in kira ya shigo a karɓe izinin ta yi shiru, in ya ƙare a maido mata ta ci gaba daga inda ta tsaya. Na gwada da wayar Yaya Rabo. Yana kira, murya na ɗaukewa. Yana kashewa, tana dawowa.

Alheri ta kira bayan sun taso coci, daga kan tudun da suke samun sabis. Na tura mata sabuwar, muka tsaya kan layi tana jiran ta sauka. Na ce mata ba dole ba ne yanzu. Ta ce awaki ba su san halin da ake ciki ba, damina ce, zawo na kashe ƙanana, kuma in ba ta zaga gidaje ba zama zai kashe ta.

Ita ba a kira ta ba ko sau ɗaya. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa, sannan ta ce, "Ya Hamida?" Na ce lafiya lau, ya Nasara? Ta ce yana nan yana cin tuwo kamar ba gobe. Muka yi dariya, ban san ta mece ce ba.

Ta ce ba su kwana gida yanzu. Rana na faɗuwa mata da yara su shige cikin dawa, kowa da tabarmarta, waya a sa ta shiru a ɗaure bakin zane. Sai gari ya waye su fito.

Litinin, da safe

Ba su kira ba.

Talata, bayan La'asar

Yaya Rabo ya koma Pauwa da asuba, ya kai shanun noma kasuwa. Ya dawo da igiyoyinsu a hannu, ya rataye a zaure, ya nemi ruwan alwala.

Ba su kira ba. Inna ta koma darasin ciwon hanta. Na share tsakar gida sau biyu.

Laraba, gab da Magariba



Wayata na bisa tebur, na tsayar da darasin da kaina tun azahar, fuska a kashe. Wani ya yi mani filashin, ban ma san lambar ba. Kiran na yankewa sai ga shi da ƙarfi cikin ɗaki: "Assalamu alaikum makiyaya."

Ba wanda ya taɓa ta.

Na duba kod. Na ce in izini ya dawo a ci gaba. Ban ce a fara dubawa ko mutum ne ya tsayar da kanshi ba. Ke nan duk wayar da aka saurari darasi aka tsayar, kira ɗaya ya shigo ya fita, ko tana shiru, za ta buɗe baki da kanta.

Ita ce na tura ma Alheri. Ita ce take ta rabawa tun Lahadi.

Na ɗauki waya zan kira ta, har na danna sunanta, sai na dubi waje na ga rana ta yi ja. Sun riga sun shiga. Idan na kira, ni ce zan tada ta. Saƙo ma ban amince da shi ba, ban san me zai taɓa ba.

Na aje wayar. Na sake ɗauka. Na aje.

Alhamis, da sassafe

Tun da gari ya yi haske nake kira. Ba ta shiga. Ba ta hau tudu ba ke nan, ko kuma wani abu ne. Ba zan rubuta wani abun ba.

Alhamis, azahar

Na sa hijabi na tafi tasha da ƙafa. Ban faɗa ma kowa dalili ba, na ce magani zan sayo. Na iske wani direba, Malam Mas'ud, mai zuwa Sabuwa ta Funtuwa, ya san Baban Hamida, ya taɓa duba mashi rago. Na ba shi saƙo da baki: duk wanda zai shiga Damari ya ce ma Alheri matar Ɗanlahadi, Maman Hamida ta ce a goge Muryar Garke daga kowace waya yau, in ba a iya ba a kashe wayar gaba ɗai kafin yamma. Na sa ya maimaita. Ya maimaita, ya fara yi mani jaje, na yi godiya na juyo kafin ya gama.

Da na dawo na ga an amsa tambayar da na sa a dandalin masu rubuta kod tun kwanakin baya. Wani mutum daga wata ƙasa, mai kirki, ya yi dogon bayani. Ya ce in tabbatar sauti na dawowa da kanshi bayan kira, don masu amfani da manhaja ba su son a sa su sake dannawa, yana ɓata masu rai.

Na rufe shafin.

Juma'a, da hantsi

Alheri ta kira. Na zauna a ƙasa kafin in ɗauka.

Saƙon ya same ta jiya da yamma, ta bi gida gida ta goge. Na ce Alhamdulillahi, ke nan ba abin da ya faru. Ta ce ya faru shekaranjiya. Wayar Kyauta ce, maƙwabciyarta. Ɗan'uwanta ya kira daga Kaduna bai san sun shiga ba. Ta ce Kyauta ta faɗa kan wayar da cikinta, ta danne ta cikin laka har ta mutu. Suna jin mashina can ta bakin rafi, amma ba su juyo ba.

Na fara magana, ta katse ni.

"Maman Hamida, kowa na nan. Ki gyara kawai."

Asabar, wuni

Na cire layin gaba ɗai. Daga yau Muryar Garke ba za ta taɓa fara magana ba sai yatsan mutum ya taɓa ta. Kira ya shigo, ta yi shiru ta zauna a shiru. A zare abin kunne, ta yi shiru. A kulle fuska a buɗe, a juya ta, caji ya ƙare a kunna, shiru. Na ba Hamida wayar ta yi ta dannawa yadda ta ga dama, na sa Yaya Rabo ya yi ta kira daga zaure har ya ce katinshi zai ƙare. Ba ta yi magana da kanta ba ko sau ɗaya.

Ban tura ma kowa ba. Na sa ma Inna kaɗai. Zan bar ta ta kwana biyu ina kallonta.

Lahadi

Shiru. Na sake gwadawa duk da na san ta yi.

Talata, bayan Azahar

Sun kira. Inna na tsakiyar darasi, ƙarar na shigowa ya ɗauke. Yaya Rabo ya yi magana da su, ban riƙe abin da aka ce ba, na bar mashi wannan. A ƙarshe ya ce ba zai taka ko'ina ba sai ya ji muryar ƙanenshi.

Aka yi ta ƙarar iska. Sai wata murya ta ce, "Inna."

Ba irin ta manhaja ba ce. Ta bushe, ta yi ƙasa, kamar ta tsoho. Ya ce yana nan, a yi abin da suka ce. Yaya Rabo ya ce, "Ɗanlahadi fa?" Muka ji numfashinshi. Aka karɓe wayar.

Bayan an kashe na iske yatsana bisa fuskar wayar yana neman inda zan maido baya in sake ji.

Laraba, da safe

Alheri ta kira ta tambaya ko an ji wani abu. Na ce an ji muryar Baban Hamida. Ta ce, "To madalla." Ta jira. Na ce sabis na yankewa.

Alhamis, da asuba

Yaya Rabo ya tafi Faskari da jaka. Ya ce kada wanda ya kira shi. Inna ta kashe darasin da kanta, ta ɗauki carbi.

Juma'a, da yamma

Baban Hamida ya dawo.

Ƙafafunshi sun kumbura, takalmin Yaya Rabo ne a ƙafarshi. Hamida ta ɓoye bayana, sai da ya kira sunanta ta leƙo. Na ɗora ruwan zafi. Mutane sun cika zaure, yana ba su hannu.

Shi da Yaya Rabo kaɗai suka sauko daga motar.

Lahadi, azahar

Yana barci da rana, ya farka a firgice. Yana ci kaɗan. Ban tambaye shi komai ba. Alheri ta kira sau biyu, na bar wayar tana haske har ta gaji.

Litinin, da hantsi

Ina shafa mashi man zafi a ƙafa ya ce, "Mansura, gobe za ki raka ni Damari."

Na ce jikinshi bai yi ƙwari ba, hanyar kuma ya san yadda take. Na ce a kira ta a waya, ko Yaya Rabo ya je. Ya ce saƙo ne aka ba shi baki da baki, ba na waya ba ne, kuma ya yi alkawari. Inna ta ji daga ɗakinta, na zaci za ta hana. Ta ce mu fita da wuri mu dawo da rana.

Talata, bayan La'asar, a mota

Mun iske ta tana ɗaure akuya a ƙofar gida. Da ta gan mu mu biyu, ta ƙarasa ɗaurin tukuna, ta shimfiɗa mamu tabarma, ta kawo ruwa, ta aika a kira dattawan gidan.

Ya faɗa mata. Ya faɗi ranar, ya faɗi wurin, ya faɗi abin da Ɗanlahadi ya ce a gaya mata da abin da ya ce a gaya ma Nasara in ya girma. Wannan nasu ne, ba zan rubuta ba. Bai yi magana mai tsawon haka ba tun da ya dawo. Ta saurara har ƙarshe tana kallon ƙasa. Matan gidan suka fara kuka, ita ba ta fara ba.

Maza suka fita da shi waje. Na matsa kusa da ita, na riƙe mata hannu. Mun daɗe a haka.

Da direba ya yi hon, na miƙe. Sai ta kwance bakin zanenta ta ciro waya ta miƙo mani.

"Kin gyara?"

Na ce na gyara.

"Sa mani kafin ku tafi. Akuyar Kyauta ba ta da lafiya, ni kuma ban san me zan yi da gobe ba."

Na koma na zauna. Na haɗa wayata da tata, muka zuba ido muna kallon layin yana cika a hankali, direba na ta hon a waje, ba wadda ta motsa a cikinmu har ya kai ƙarshe.